RUWA BA YA TSAMI BANZA

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwan tafki a kwalba ya ɗaga ta wajen hasken rana, ya ga wasu 'yan ɓurɓushi suna yawo a ciki kamar dusa. Yawancin mutane ƙasa suke zaton su. Amma masana kimiyya sun tabbatar kowane ɗaya gari ne sukutum, da mazauna dubbai, kuma aikin waɗannan mazauna shi ke sa ruwa ya shawu ko ya yi ɗoyi.

Sunan mazaunan bakteriya. Halittu ne ƙanana ainun, ba a ganinsu sai da madubin likita. Hausawa kan kira su ƙwayoyin cuta, alhali kuwa mafi yawansu ba su cutar da kowa. Irinsu ne ke sa madara ta zama nono, su ne kuma ke nuna daddawa. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Antoni van Leeuwenhoek, shi ya fara ba da labarin ganin ƙananan halittu a ruwan tafki cikin 1674.

YADDA GARIN KE KAFUWA

Idan damina ta wanko takin zamani daga gonaki, ta haɗa da kashin dabbobi da ruwan kwata ta zuba a tafki, to, ruwan ya sami abinci fiye da kima, watau sinadaran naitirojin da fosfaras. Daga nan sai gansakuka ta yi ta yaɗo har fuskar ruwan ta koma kore shar. In ta mutu sai gawarta ta cakuɗe da laka da kashin ƙananan ƙwarin ruwa, wani yauƙi ya manne su wuri guda. Ɓurɓushin ke nan.

Bakteriya kan yi dafifi a kansa kamar yadda ƙuda ke yi a mahauta. Bincike ya nuna sun fi cunkoso a jikin ɓurɓushin nesa ba kusa ba bisa ga ruwan da ke kewaye da shi, kuma irin da ke manne daban suke da irin da ke yawo sakaka. Suna fitar da wasu sinadarai masu narkar da mushen gansakukar su ci. Wannan shara ce suke yi wa tafki, ba don su ba da ya cika da ruɓa.

Sai dai sharar tana da tsada. Na ɗaya, wajen narkarwar sukan mayar da takin cikin ruwa, sabuwar gansakuka ta samu ta sake tashi. Na biyu, suna shaƙe iskar oksijin da kifi ke numfashi da ita. Da rana gansakuka mai rai tana mayar da iskar, da dare kuwa ba ta yi. Shi ya sa masunta suka fi tarar da kifi yana hamma a saman ruwa, ko ya mutu, da asuba.

ABIN DA YA SAMI BIRNIN WUXI

Tafkin Taihu na ƙasar Sin, yamma da Shanghai, yana cikin wuraren da aka fi nazarin wannan al'amari. Shi ne na uku a girma cikin tafkunan ruwan daɗi na ƙasar, faɗinsa wajen murabba'in mil 900, amma zurfinsa galibi ƙafa 6 ne kacal. Saboda haka iska kaɗan ta isa ta tayar da lakar ƙasa ta gauraya da gansakuka.

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2007, tarin gansakuka ya ruɓe daidai inda birnin Wuxi ke jan ruwan famfo. Da iska ta ƙare a wurin, sai bakteriya suka shiga fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutum wajen miliyan 2 suka yi kusan mako guda ba ruwan sha a famfo, ruwan kwalba ya ƙare a kantuna.

DARASI GA 'YAN AREWA

Wannan magana ta shafi 'yan ga-ruwa da masu abinci da fataken shanu da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, da iyalan da suka bari a gida suna shan ruwan tafki da kududdufi. Ƙwayar kwalara ma manne wa ƙananan ƙwarin ruwa take yi. A ƙasar Bangaladesh, wata masaniya Ba'amurkiya, Rita Colwell, da abokan aikinta sun koya wa matan ƙauyuka 65 tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100. Zanen bai isa ya tare ƙwayar ita kaɗai ba, abin da ta hau kansa yake tarewa.

Alif da garin 'ya'yan zogale su ma haka suke aiki: su tattara ɓurɓushi ya kwanta a gindin randa tare da mazaunansa. Amma tacewa da kwantarwa ba su kashe waɗanda suka rage, don haka wajibi ne a tafasa ruwan bayan nan.

Ruwan da ya yi kore kamar fenti kuwa, a rabu da shi ɗungum. Wata irin gansakuka tana da dafin da ke lalata hanta, kuma tafasawa ba ta karya shi. Tun 1878 aka rubuta labarin dabbobin da suka mutu a Ostareliya bayan sun sha irin wannan ruwa. Mai kora shanu ya ga tafki haka, gara ya ƙara tafiya da garkensa zuwa mashaya ta gaba.