KOBAL: GARIN DA KE CIKIN DUTSEN LASA



Ko wace shekara, in ciyawa ta bushe ko Layya ta gabato, ƙungiyoyi da yawa suna haɗa dutsen lasa da kansu. Gishiri, kanwa, dussa, garin ƙashi, da ɗan siminti ko ƙaro don ya kama. Aiki ne mai kyau, mu ma muna koya shi. Amma akwai wani gari da wasu sunka fara sawa a ciki, sunansa kobal, kuma a kansa za mu yi magana yau.

Ga abin da ya sa. Cikin yawon aikina na iske wata ƙungiyar mata masu turka raguna suna haɗi cikin ɗaki, ƙofa a rufe saboda iska. Wani saurayi ya sayo musu gari ja-ja cikin leda, mai sayarwa ya ce mishi maganin ƙiba ne. Da kofin shayi shike awo. Mace guda tana tankaɗe shi da rariya, ga goyo a bayanta. Saurayin ya nuna mini hannuwansa, duk ƙuraje, shina ta susa. A guntuwar takardar da ke manne ga ledar an rubuta carbonate de cobalt. Nan take na ce a tsaya, a buɗe ƙofa, a fita da yara.

Mi ne ne kobal?

Ƙarfe ne da ake haƙowa daga ƙasa. Fiye da rabin wanda duniya ke aiki da shi daga ƙasar Kongo Kinshasa shike fitowa, kuma akwai shi cikin batirin wayar salula. Wanda ake sa ma bisashe an maida shi gari. Iri biyu sunka fi yawa. Sulfate de cobalt ja ne, kamar ƙwayar sukari, shina narkewa cikin ruwa. Carbonate de cobalt gari ne mai laushi, ja-ja mai haske, ba shi narkewa, kuma kusan rabin nauyinsa kobal ne tsantsa. A jikin buhu wani lokaci haruffa biyu kawai za ku gani: Co.

Saniya, tunkiya, akuya da raƙumi suna da ƙananan halittu cikin tumbi, waɗanda ido ba ya gani. Su ke narkar da ciyawa. Da kobal suke yin bitamin B12, wanda bisa ke buƙata don jini da ƙarfi. In babu shi, bisa ta bar ci ko da abinci na gabanta, ta rame, gashi ya tashi, cikin ido ya yi fari, tumaki su riƙa hawaye. Ƴan tumaki sun fi kowa jin jiki. A ƙasar Ostareliya anka gano haka a 1935, inda tumaki ke mutuwa da rama a tsakiyar ciyawa. A Kenya ma an san ciwon wajen Nakuru. Kaji kuwa ba su da tumbi irin wannan, kobal ba ya yi musu aikin komi.

Ku lura da wani abu. A ƙasarmu abin da ya fi ramar da bisa da rani shi ne yunwa, tsutsar ciki da rashin fosfor. Ba ko wace ramammiyar tunkiya ke neman kobal ba. Likitan bisashe ya kamata ya duba ta tukuna.

Kaɗan ƙwarai ake so

Ku ɗauki giram 1, ku kasa shi kashi 1000. Kashi guda shi ne miligiram. Ku sake kasa miligiram ɗin kashi 10. To, kashi guda na wannan ya kusa isar tunkiya yini guda. Watau giram 1 na kobal zai ishi tumaki 100 har kwana 100, tsawon turka guda ke nan. Ƙwayar sukarin shayi ta kai wajen giram 5. Kofin da saurayin nan ke awo da shi ya ishi tumaki fiye da 1000, alhali ragunan ƙungiyar ba su kai 30 ba.

Ƙasashen Turai sun yi doka a 2013: kada kobal ya wuce miligiram 1 cikin kilo guda na cikakken abincin bisa. In ya yi yawa sosai, bisa ta bar ci, ta rame, jini ya ragu. Kun ji, alamun yawansa sun yi kama da na rashinsa. Mai kiwo ya ga rago na ramewa, ya ce magani bai isa ba, ya ƙara. Asarar kuɗi biyu.

Amma bisa tana da haƙuri da shi fiye da yadda ake zato. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai haɗawa.

Abin da shike yi ma mutum

Babbar hanyarsa ita ce hanci. Garin ba shi da wari, ba ya sa atishawa kamar tonka, shi ya sa ba a jin tsoronsa. Wanda ke shaƙarsa yau da gobe shina iya kamuwa da fuka: tari, ƙirji ya matse, numfashi na kuka da dare. In jiki ya riga ya ƙi kobal, ƙura kaɗan ta isa ta tada ciwon, har bayan shekaru.

Fata ma haka. Ƙaiƙayi, ja, ƙuraje, tsagewa tsakanin yatsu. Siminti da ake sawa cikin dutsen shi ma shina cin hannu, in sun haɗu abin ya fi muni.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. A 2022 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙarfen kobal da garinsa mai narkewa cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo ciwon daji ga mutum. Dokar Turai ta sa a rubuta a buhun sulfate da na carbonate cewa shaƙarsu na iya kawo ciwon daji, kuma suna iya rage haihuwa. Gwajin da anka yi a kan ɓeraye ya nuna lahanin ga maza. Samari masu haɗi, ku ji wannan da kyau.

Ta baki kuwa, shina sa amai da ciwon ciki. In an daɗe ana sha, ya taɓa zuciya, ya kawo maƙoƙo. A birnin Kebek na ƙasar Kanada, 1965 zuwa 1966, an sa kobal cikin giya don kumfa ta daɗe. Mashaya 48 sunka kamu da ciwon zuciya, 20 sunka mutu. Na faɗi wannan don na ji ana cewa tun da shina ƙara ma rago jini, zai ƙara ma mai jego. A'a. Mutum ba ya yin B12 da garin kobal. Daga nama, hanta, madara, ƙwai da kifi shike samun nasa, kuma na bisar da ta lashi dutse mai awo daidai ba su da laifi.

Yadda za a yi

Shawarata ta fari: kada ƙungiya ta sayi garin kobal tsantsa. Ku sayi haɗaɗɗen gari wanda kamfani ya riga ya auna, mai takarda, wanda anka rubuta ma CMV ko prémélange, ku bi awon da ke jiki. Ko ku sayi dutsen da anka gama. Leda marar suna, ko da araha, ku bar ma mai ita.

In kuwa aiki ya kai ku ga taɓa garin, ko da haɗaɗɗen ne, ku duba buhu tukuna. Akwai zane mai kusurwa huɗu da jan baki. In kun ga mutum da tauraro a ƙirji, haɗari ne ga huhu. In kun ga mataccen kifi da busasshen icce, guba ne ga ruwa. Wanda ya iya karatu ya karanta ma sauran da ƙarfi. Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci.

A yi haɗi a waje, ƙarƙashin rumfa, da safe kafin iska ta tashi. Mai haɗi ya ba iska baya. Ya sa safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu, da takunkumin hanci mai tace ƙura, wanda anka rubuta ma FFP3, in babu, FFP2. Rawani da gyale ba su tare wannan ƙura, ta fi su laushi. Likitan bisashe ya yi awon da ƙaramin sikeli mai nuna giram, ba da kofi ko cokali ba.

Ruwa shi ne babban mataimakinku, don jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. Sulfate a narkar da shi cikin ruwan kwaɓi. Carbonate a cuɗa shi da jiƙaƙƙen gishiri kwano guda, a juye cikin kwano biyar, a cuɗa, sannan a zuba cikin babban haɗi. Haka zai bi ko'ina, kada dutse guda ya kwashe duka. Ban da tankaɗe, ban da sheƙa, ban da kakkaɓe buhu. A motsa da shebur ko muciyar da ba ta komawa madafa.

Yara, masu ciki, masu goyo da mai fuka su yi nisa. Ba a cin goro, ba a shan shayi ko taba a wurin. In gari ya zube, a yayyafa ruwa a kwashe, kada a share shi busasshe. In an gama, wanka da sabulu kafin abinci, kuma tufafin aiki a wanke su dabam da na iyali. Ruwan wankin a zuba shi cikin rami nesa da rijiya da tabki.

Sauran gari ya zauna cikin buhunsa da takardarsa, a ɗaure, a kulle. Kada ya kwana cikin rumbu ko kusa da gishirin miya. Sulfate ja ne mai ƙyalli, yaro zai ɗauka alewa ce. Buhun da ya ƙare ba na zuba hatsi ba ne, a kai shi ma'aikatar kiwo.

In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta minti 15. In an haɗiye, a kurkure baki, kada a tilasta amai, kada a tsaya ga madara, a tafi gidan likita da takardar buhun a hannu. Wanda numfashi ya yi ma wuya a fitar da shi ga iska, a kai shi nan da nan.

Ƙungiyar da na faɗa muku, mun ɗaure ledar mun miƙa ta ga likitan bisashe, haɗin da sunka riga sunka yi ba a ba raguna ba. Saurayin an ba shi man shafawa a gidan likita, an hana shi komawa ga wannan aiki. Yanzu shi ke riƙe littafin lissafin ƙungiya.

Mai tambaya ya rubuto ta hannun malamin ajinsu, za mu amsa a shirin manoma.