Daga Warin Kwata Zuwa Wutar Girki

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan gidan da ake yin awara ko daddawa da la'asar a watan Afrilu ya san abin da za mu yi magana a kai. Kafin ka hango kwatar, hancinka ya riga ya sanar da kai tana nan. Ko a Gummi kake, ko Anka, ko Bukkuyum, ruwan kusan iri ɗaya ne: na wankin kalwa, na tatar waken suya, na gasara, na jiƙon shanshera kafin a turara ta, da wanda ke gangarowa daga mahauta. Waɗannan sana'o'in iyayenmu ne, kuma da kuɗinsu ake saya wa da yawanmu littafi da takalmi. Amma ruwan yana tara ƙuda da sauro, yana kuma haɗa maƙwabta rigima har ta kai gaban mai unguwa.

Me ya sa yake wari haka? Saboda ba ruwa ne zalla ba. Akwai sitaci da mai da furotin a cikinsa, wato abincin ƙwayoyin bakteriya. Da zarar ya kwanta, sai su cinye ɗan iskar oksijin da ke ciki, daga nan ruɓewa ta fara ba tare da iska ba.

Ruɓewar nan aikin ƙungiya biyu ne. Ta farko mai sauri ce. Tana farfasa abincin ya zama sinadarai masu tsami, irin masu warin lalataccen nono. Daga furotin kuma ammoniya ke fitowa, da haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙungiya ta biyu ita ce ke cinye wannan tsamin ta mayar da shi iskar metan da kabon dayoksaid, waɗanda dukkansu ba su da wari ko kaɗan. (Malamanmu na bayoloji za su tuna mana cewa 'yan ƙungiya ta biyu ba bakteriya ba ne, akiya ake kiransu. Mun karɓi gyara tun kafin a yi.) Matsalar ita ce 'yan ƙungiya ta biyu suna da nawa wajen hayayyafa, iska na kashe su, tsami mai yawa ma haka. A buɗaɗɗiyar kwata ba sa iya cim ma 'yan ƙungiya ta farko. Warin da muke toshe wa hanci, ashe aiki ne da aka bari a rabi.

Abin da tankin bayogas ke yi kenan: yana ba su wurin ƙarasa aikin. Rufaffen tanki ne, na siminti ko na roba, mai bututun zuba ruwa, da na fitar da wanda ya gama ruɓewa, da ƙaramin tiyo a sama da ke kai gas ga murhu. Ana fara shi da ɗanyen kashin shanu, domin masu yin metan ɗin suna zaune ne a tumbin saniya. Sun fi son zafin da ya kai digiri 35 zuwa 37, saboda haka zafin bazararmu da muke kuka da shi, su daɗinsa suke ji. Da hunturu ne aikin ke ja baya. Ruwan kan kwana 20 zuwa 30 a ƙaramin tanki. Gas ɗin da ke fita, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari metan ne, yana kuma ci da shuɗiyar wuta marar hayaƙi. Kubik mita ɗaya kan riƙe murhu mai kai ɗaya na awa biyu zuwa uku. Ruwan da ya fito ta ɗaya gefen warinsa ya ragu sosai, kuma taki ne mai kyau ga lambu.

Ba sabon ilimi ba ne. A 1776 Alessandro Volta ya tara iskar da ke tasowa daga taɓon wani tafki a Italiya ya ga tana kamawa da wuta. A shekarun 1970 Gatze Lettinga na Jami'ar Wageningen a Holan ya ƙirƙiro tankin da ruwa ke shiga ta ƙasa ya ratsa tarin ƙwayoyin ya fita ta sama, aka fara amfani da shi a masana'antar sukari. Yau a Tailan masana'antun sitacin rogo da yawa sun lulluɓe tafkunan ƙazamin ruwansu da ƙatuwar leda mai kauri, suna ƙona gas ɗin wajen busar da sitacin. Nan kusa da mu, Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gina irin waɗannan tankuna tana gwada su.

Sai dai kada mu yi wa iyayenmu alkawarin da tanki ba zai cika ba. Ruwan jiƙon shinkafa tsinkakke ne, abincin da ke cikinsa kaɗan ne, gas ɗinsa ma kaɗan. Ruwan awara da na gasara sun fi ƙarfi, amma suna da tsami. Idan aka kwarara su da yawa lokaci guda, masu yin metan sai su mutu, tankin ya koma kwata mai murfi. Dabarar ita ce a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kullum, a haɗa da kashin shanu ko abin cikin tumbi daga mahauta, a sa ɗan ruwan toka idan tsamin ya yi yawa. Ruwan omo da na haifo kuwa ba su da wurin shiga. A ganinmu, mai awara ɗaya ba za ta ci ribar tanki ita kaɗai ba. Gidaje huɗu ko biyar da ke kusa da mahauta, ko kicin ɗin makarantar kwana, nan ne lissafin zai fi fita.

Haidirojin salfaid ɗin ma bai ɓace ba, ya koma cikin gas ne. Shi ya sa ake ratsa gas ɗin ta gwangwani mai cike da tsatsattsen garin ƙarfe ya kama shi, sauran kuma wuta ta ƙone. Wannan iska tana da makirci: idan ta yi yawa sai hanci ya daina jin ta, alhali a lokacin ne take kisa. Ba a leƙa kai cikin tanki, ba a shiga gyara shi don an ga ya bushe, ba a kuma neman inda yake yoyo da ashana. Ruwan sabulu ake shafa wa tiyo, a duba inda kumfa ke tashi.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu fiye da kowa. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, ta hanyar niƙan dutsen zinari. Ƙwayoyin tanki suna cin sitaci da mai, amma ba sa cin dalma. Idan ruwan wankin dutse ko ƙasar wurin niƙa ta shiga, dalmar za ta fito a cikin takin yadda ta shiga, a kai ta gonar alayyafo.

'Yan aji biyar da ke son gwadawa, jarka mai lita 25 ta isa. A cika kashi uku cikin huɗu da kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a toshe bakin sosai, a haɗa tiyo zuwa tsohon tub ɗin mota, a ajiye inda rana ke samu. Tub ɗin zai fara kumbura cikin kwanaki, amma gas ɗin farko galibi kabon dayoksaid ne haɗe da iskar da ke cikin jarkar, a sake shi a fili kada a kunna. Bayan mako biyu ko uku sai a gwada a waje, malamin kimiyya na tsaye, sannan a fara ƙara ruwan awara kofi ɗaya a rana ana rubuta abin da aka gani.