Gargaɗi ga Masu Kiwo: Zawon Shanu Ba a Kan Shanu Kaɗai Yake Tsayawa Ba

Makiyaya da masu kiwo a gida, ku saurara. Shanunku na zawo? Majina na zuba, miyau na dalala, dasashi ya yi gyambo? Saniya ta yi ɓari? An yi mata barbara sau biyu, sau uku, ba ta ɗauka ba? Kada ku ce sabuwar ciyawa ce. Kada ku ce zai wuce.

Akwai cutar da likitocin dabbobi ke kira BVD. An fara gano ta a Amurka a 1946, yau kusan babu ƙasar kiwo da ba ta shiga ba. Ƙwayar bairos ce. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da kuke saya a kasuwa ba ta taɓa ta. Asarar kuɗi ce kawai.

Ga inda haɗarin yake. Idan saniya ta kamu a watanni huɗu na farkon ciki, tana iya haifar maraƙi mai ɗauke da cutar har ƙarshen ransa. Wani ya tsumbure, gashi a yamutse, kullum yana bayan garke. Wani kuwa sumul, ba ka ganin komai a jikinsa. Amma miyansa, majinarsa, fitsarinsa da kashinsa duk cuta ne, dare da rana. Shi ɗaya ya isa ya lalata garke. Kun san ko yana cikin naku?

Kuma ba shanu kaɗai ba. Cutar tana kama tumaki da awaki, har da aladu, ta sa su ɓari ko haihuwar 'ya'ya marasa ƙarfi. A ina suke haɗuwa? A mashaya ɗaya, a kwami ɗaya, a kara ranar kasuwa. Ba ta kama mutum, alhamdu lillahi, amma tana karya garkuwar jikin dabba, ciwon huhu ya biyo baya.

To me kuke jira? Dabbar da kuka sayo, ku ware ta mako uku zuwa huɗu. Ku nisanta masu ciki daga baƙi. Ku binne ɓari da mahaifa, kada karnuka su ja. Ku kira likitan dabbobi ya ɗebi jini, ku tambaye shi batun rigakafi. Maraƙin da gwaji ya tabbatar yana ɗauke da ita, ku fitar da shi daga kiwo. Kada ku kai shi kara ku sayar wa ɗan'uwanku, wannan zalunci ne.

Ku shiga garke yau, ku duba maruƙanku ɗaya bayan ɗaya.