Bayan BAC: yadda za a zaɓi makarantar koyon aikin kula da rezo da kwamfutoci

Da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, sai allunan talla su cika manyan hanyoyin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Kowace makaranta mai zaman kanta tana kiran sababbin ɗalibai, kuma cikin fannonin da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe akwai wanda ake kira da Faransanci « Réseaux et Télécommunications » ko « Administration systèmes et réseaux ». Iyaye da dama sun ji ana cewa akwai abinci a wannan fanni, amma ba su san abin da ake koyarwa a ciki ba, balle su rarrabe makarantar kirki da wadda allo kawai gare ta. Maganar kuɗin shekara biyu ko uku ce, wani uban ma sai ya sayar da bisashe kafin ya haɗa su. Ya kamata a san abin da za a duba tun kafin a biya kason farko.

Wane irin aiki ne?

Mutane kan haɗa duk mai aikin kwamfuta wuri guda, alhali sana'o'in daban-daban ne. Akwai mai rubuta manhaja, akwai mai gyaran na'urar da ta lalace, akwai kuma wanda muke magana a kansa, wato mai kula da rezo da manyan kwamfutocin ma'aikata. Duk sa'ad da aka ce maka a banki ko wurin aika kuɗi « a yi haƙuri, babu rezo », to akwai wani a bayan gida da zufa ke karyo masa. Shi ne wannan ma'aikaci.

Aikinsa kashi biyu ne. Na farko shi ne haɗa na'urori su yi magana da juna: ja wayoyi, saita suwic da ke haɗa kwamfutocin gida ɗaya, saita rutar da ke fitar da su zuwa intanet ko zuwa reshen ma'aikatar da ke wani gari, raba wa kowace na'ura adireshinta na IP, da kafa shingen da ke hana ɓarayin bayanai shiga. Na biyu shi ne kula da sarbar, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa: buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, rufe na wanda ya tafi, sabunta manhajoji, da adana kwafin bayanai a wani wuri don ranar da wuta ko ƙwayar cutar kwamfuta ta yi ɓarna.

Masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata a Nijar sanannu ne: kamfanonin waya irin su Niger Telecoms, Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom da ƴan kwangilar da ke yi musu aiki, bankuna da kamfanonin aika kuɗi, ma'aikatun gwamnati, asibitoci, jami'o'i da ƙungiyoyin agaji. Ga kuma babban layin fibar da ya ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi don haɗa Nijar da Aljeriya, Najeriya da Chadi. Duk wayar da aka binne tana bukatar wanda zai kula da ita.

Takardun da ake samu

Mai BAC yana da hanyoyi uku. Akwai karatun shekara biyu da ke ƙarewa da BTS ko DUT, wanda ke fitar da ma'aikacin hannu da zai iya fara neman aiki nan take. Akwai lisans ta shekara uku a tsarin LMD, wadda ke buɗe ƙofar mastar ta ƙarin shekara biyu. Akwai kuma karatun injiniya mai ɗaukar shekara biyar. Wanda gidansu ba su da ƙarfi sosai zai fi samun sauƙi ya fara da na shekara biyu, ya kama aiki, daga baya ya cika lisans da karatun yamma. A wannan sana'a hakan ba faɗuwa ba ce, domin shekarun da mutum ya yi yana taɓa na'ura ana lissafa masa su.

Masu BAC C, D, E da F, kamar waɗanda suka fito daga lise teknik Dan Kassawa ta Maraɗi, su suka fi samun sauƙin shiga. Lissafin da aikin ke bukata bai kai na injiniyan gini ba, amma dole a iya lissafin sifiri da ɗaya da ake raba adireshi da shi, a kuma iya bin matsala daki-daki har a gano inda ta fito.

A ɓangaren gwamnati, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen lissafi da ilimin kwamfuta a tsangayar kimiyya. Jami'ar Doso, ɗaya daga cikin huɗun da aka kafa a 2014, an ɗora ta ne a kan fasahar sadarwa ta zamani. A Yamai akwai ESCEP, makarantar sadarwa da gidan waya, da kuma reshen IAI, makarantar kwamfuta ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da aka kafa a 1971 mai cibiya a Libreville. A Dakar akwai ESMT, wadda Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka kafa ta a 1981. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa kowace tana da cibiyar IUT da fannonin da ta ƙware a kai, don haka a je a karɓi jerin fannonin bana, kada a dogara da abin da wani ya ce. Gurabe a irin waɗannan wurare ba su da yawa, wasu ma sai an ci jarrabawar shiga. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke ƙarewa a makarantu masu zaman kansu, kuma a nan ne ake bukatar buɗe ido.

Tambaya ta farko: wa ya san takardar?

Kafin a kalli gini, a nemi ganin takardar izini daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, a kuma karanta ta. Makaranta kan samu izinin koyar da lissafin kuɗi da kasuwanci, daga baya ta ƙara fannin rezo a kan allonta saboda ta ga ana rububinsa. A tabbata sunan fannin da yaro zai karanta yana cikin takardar.

Sannan a bambance difilom ɗin makaranta da na ƙasa. BTS na ƙasa jarrabawa ce da hukumar OBEECS ke shiryawa, ita ɗin dai da ke shirya BAC. Difilom ɗin da makaranta ta buga da kanta yana iya isa a wani kamfani, amma ranar da aka buɗe jarrabawar shiga aikin gwamnati, takardar da ƙasa ta amince da ita ake tambaya. A tambayi makarantar ɗalibai nawa ta gabatar a BTS na ƙasa bara a wannan fanni, nawa kuma suka ci. Wadda ta yi abin kirki ba ta ɓoye wannan adadi.

Wanda ke da niyyar ci gaba da karatu ko aiki a wata ƙasa ta masu amfani da Faransanci, sai ya tambayi amincewar CAMES, hukumar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu. A lura da abu guda: CAMES difilom-difilom take tantancewa, ba makaranta sukutum ba. Idan an rubuta sunanta a ƙofar shiga, a tambaya wane difilom ne ta amince da shi.

Ɗakin gwaji: gani ya kori ji

Wani ɗan yayata ya yi shekara biyu a wata makaranta, ya fito da maki masu kyau. Ranar da ya je neman aiki aka ajiye masa suwic da waya a kan tebur, aka ce ya raba ofishin gida biyu yadda masu lissafin kuɗi ba za su ga kwamfutocin sauran ba. Ya san sunan abin, ya taɓa rubuta shi a jarrabawa, amma bai taɓa riƙe na'urar da hannunsa ba. A kan allo aka zana musu ita shekara biyu. Sai da ya ƙara wata takwas yana bin wani mai ja wa ofisoshi waya kafin ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Don haka zuwa da kai ya fi aike. A je makarantar ranar karatu, a ce a nuna ɗakin gwaji. A ƙirga kwamfutocin da ke tashi, a raba da yawan ɗaliban aji. A duba ko akwai suwic da rutar na gaske da ɗalibai ke kwancewa su ɗaura, da filaya da kawunan waya da suke koyon matsewa. Manhajojin kwaikwayo irin su Packet Tracer da GNS3 suna da amfani ƙwarai, kuma kyauta ne, amma ba sa koya wa mutum gano wayar da ɓera ya ci a cikin silin. A tambaya ko ana koyar da Linux da Windows Server duka biyu, domin ma'aikatu da su biyun suke aiki.

A duba wuta. Makarantar da ba ta da janareto ko hasken rana, duk ranar da aka ɗauke wuta darasin gwaji ya koma labari. Wannan ma wani ɓangare ne na karatun: a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa tana komawa, mai kula da sarbar dole ya san batir, ondular, sanyaya ɗaki da wayar da ake binnewa a ƙasa don kare na'urori daga tsawa.

Daga nan a samu ɗalibin shekara ta biyu a waje, ba a gaban darakta ba. A tambaye shi sau nawa a mako suke shiga ɗakin gwaji. In da hali a gwada shi da abin da kowane ɗan shekarar farko ya kamata ya sani, misali iyakar tsawon wayar rezo ta tagulla tsakanin na'ura biyu. Amsar mita 100 ce. Idan ya tsaya yana kallon sama, an samu amsar babbar tambayar.

Malamai da estaj

Yawancin makarantu masu zaman kansu da malaman haya suke aiki, masu zuwa su ba da darasi su tafi. Wannan ba aibu ba ne idan malamin da safe yana aiki a kamfanin waya ko banki, domin abin da ya gani yau zai kawo aji. Matsalar ita ce malamin da ke yawo makarantu biyar da tsohon littafi guda, ko darasin wata uku da ake dunƙulewa cikin mako ɗaya saboda malamin zai yi tafiya.

Estaj kuwa, wato zaman koyon aiki a ma'aikata, shi ne ƙofar da yawancin matasa ke bi su samu aikin farko. A tambaya ko makarantar ce ke nemo wa ɗalibai wuri da yarjejeniya a rubuce, ko wasiƙa kawai take ba su su shiga gari. A nemi sunayen ma'aikatun da ɗaliban bara suka je. Ga ƴan mata, wannan tambaya ta fi muhimmanci: aikin ba ya bukatar ƙarfin damtse, mata na yin sa da kyau, amma iyaye sun fi sakin jiki idan makaranta ce ta san inda ƴarsu take da wanda ke kula da ita.

Takardun kamfanoni da Ingilishi

Ban da difilom, masu ɗaukar aiki suna kallon takardun shaidar da kamfanonin ƙera na'urori ke bayarwa. Wadda ta fi shahara ita ce CCNA ta Cisco. Kuɗin jarrabawarta dalar Amurka 300 ne, abin da ya haura jika 150, kuma bayan shekara uku sai an sabunta ta. Akwai HCIA ta Huawei, MTCNA ta MikroTik da LPIC ta Linux. Idan makaranta ta ce tana koyar da CCNA, a fahimci cewa bin darussan daban, cin jarrabawar daban. A tambaya ko kuɗin jarrabawar yana cikin kuɗin makaranta, da kuma mutum nawa suka ci ta daga wurinsu.

A nan ne Ingilishi ke shigowa. Ba a rubuta CCNA da Faransanci, kuma umarnin da ake ba na'urori da saƙonnin da suke fitarwa idan sun samu matsala duk da Ingilishi suke. Makarantar da ta mayar da darasin Ingilishi awa ɗaya ta cika jadawali ta rage wa ɗalibanta hanya. Wannan dalili ne ke sa wasu iyalai na Maraɗi da Damagaram tura ƴaƴansu Kano ko Katsina. Mai wannan shawara ya tuna cewa idan yaro ya dawo, sai takardarsa ta bi ta hukumar daidaita difilom kafin ta yi aiki a gwamnati, don haka a bincika matsayin makarantar tun kafin tafiya.

Lissafin kuɗi

Kuɗin da ke kan takardar talla ba shi ne duka ba. A sa kuɗin rajista, na jarrabawar ƙasa, na kare rahoton ƙarshe, na haya da abinci idan yaro zai bar gari. A sa kwamfutar hannu, domin ɗalibin wannan fanni da ba shi da tasa kamar ɗan koyon ɗinki ne marar keke. Ba sai sabuwa ba, ta hannu mai ƙwaƙwalwar RAM giga 8 ko fiye tana iya ɗaukar gwaje-gwajen farko. Masu sakamako mai kyau su leƙa hukumar ANAB su ji sharuɗɗan bursu, har da na karatu a ƙasashe kamar Aljeriya da Maroko.

Uba ko uwar da ba su yi boko ba kada su ji nauyin yin waɗannan tambayoyi. Wanda zai biya kuɗi yana da haƙƙin ganin takardar izini da ɗakin gwaji, kamar yadda mai sayen sa ke buɗe bakinsa ya duba haƙora. A tafi da wani ɗan unguwa da ke wannan aiki, a zagaya makarantu biyu ko uku a mako guda, a kwatanta. Makarantar da ta ce a fara biya kafin a ga ɗakin gwaji, a yi mata sallama a wuce ta gaba.