Sansanin Hunturu na Agbarha-Otor: Inda Zama Tare Yake Koyar da Fasaha

A cikin hanyoyin da masu zane da sassaƙa suke bi don ƙaro sani akwai zaman sansani, wato mutum ya bar gidansa da harkokinsa ya tare a wani keɓantaccen wuri na wasu makonni, inda zai kwana, ya ci abinci, ya kuma yi aiki tare da abokan sana'ar da galibi bai taɓa haɗuwa da su ba. A Nijeriya, wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan sansanoni shi ne Harmattan Workshop, ma'ana taron bita na lokacin hunturu, wanda mai zane Bruce Onobrakpeya ya fara a shekarar 1998 a mahaifarsa Agbarha-Otor, kusa da Ughelli a Jihar Delta.

Tushen wannan tunani yana da alaƙa ta kai tsaye da Arewa, domin a Zariya Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya yi karatun zane, a kwalejin da ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne shi da wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna masu ra'ayin cewa ya kamata a ɗauki dabarun Turawa a gauraya su da siffofi da labarun gida maimakon a kwaikwayi Turai ido rufe. Wannan ƙungiya ba ta daɗe ba, amma zumuncin da ta haifar ya yi ƙarko, har ma Demas Nwoko ne ya tsara babban ginin da sansanin Agbarha-Otor yake amfani da shi. Daga baya Onobrakpeya ya halarci tarukan bita na Mbari a Ibadan da Mbari Mbayo a Osogbo, waɗanda Ulli Beier ya taimaka wajen shiryawa, ya ga yadda samarin da ba su da takardar shaidar zane, irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh, suka fito daga bita ta 'yan kwanaki suka zama sanannu a duniya. A 1975 kuma ya je makarantar sana'o'in hannu ta Haystack da ke Jihar Maine a Amurka, wadda ita ma tsarinta na zaman sansani ne.

Ana buɗe sansanin ne wajen watan Fabrairu, kuma duk wanda ya san yawan ruwan saman yankin Neja Delta zai gane hikimar zaɓen rani, lokacin da za a iya sassaƙa dutse a fili, yumɓu da fenti kuma su bushe ba tare da jira ba. Ana raba mahalarta zuwa sassa, kowane sashe da jagoransa: zanen fenti, sassaƙar itace da ta dutse, ginin tukwane, aikin ƙarfe, rini da saƙa, jeren duwatsun ado, da kuma bugun zane, wanda shi ne fannin da Onobrakpeya ya yi suna a kansa. Bugun zane shi ne a ƙwaƙule siffa a jikin faranti na ƙarfe ko katako, a shafa masa tawada, sannan a danne takarda a kai da injin matsi, ta yadda faranti ɗaya zai ba da kwafi masu yawa. Da dare ana taruwa a saurari lacca ko a duba ayyukan wani daga cikin mahalarta a yi masa gyara.

Abin da ya bambanta wannan tsari da aji na makaranta shi ne yadda yake rushe matsayi, domin malamin jami'a da ɗalibinsa da masassaƙin ƙauye da matar da ta shigo daga cikin gari don koyon jeren duwatsu duk suna cin abinci wuri ɗaya, kuma farfesan da ya ƙware a fenti yakan koma ɗan koyo da zarar ya riƙi kurfi a gaban dutse. A nan ne abota take shiga cikin koyarwa ta zama wani ɓangare nata. Yawancin sirrin aikin hannu ba ya rubutuwa a littafi: nauyin da ake ɗora wa guduma, kaurin da tawada za ta yi kafin ta kama takarda, alamar da ke nuna tukunya ta bushe har a iya gasa ta. Irin wannan sani ido ne yake ɗaukarsa, kuma mai shi ba ya sakinsa sai ga wanda ya saki jiki da shi, abin da kwana da tashi tare yake kawowa cikin 'yan kwanaki. Bahaushe ya san wannan daga sana'o'in gado kamar ƙira da dukanci da rinin Ƙofar Mata, sai dai a can sirrin yakan tsaya cikin gida ko tsakanin maigida da yaransa, alhali sansani yana buɗe shi ga baƙon da ya zo daga wata jiha da wani harshe.

Bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. 'Yan makonni ba sa mai da kowa gwani, kuma wanda ya koma gida babu injin matsi ko wurin gasa tukwane zai iya mance abin da ya koya kafin wani hunturun ya zagayo. Akwai kuma haɗarin da ke tattare da zama kusa da babban malami, wato almajirai su riƙa fitar da aikin da ya yi kama da nasa har a kasa rarrabewa. Kuɗin mota da na masauki su ma sukan hana matasa da yawa zuwa, musamman na nesa.

Duk da haka tsarin yana yaɗuwa a Afirka ta Yamma ta wasu siffofi. Mai zane Kehinde Wiley ya buɗe masaukin masu fasaha na Black Rock a Dakar a 2019, takwaransa Yinka Shonibare kuma ya buɗe irinsa a Legas a 2022 tare da wata gona kusa da Ijebu Ode. Waɗannan sukan tace mutane kaɗan daga cikin masu nema, su ba su ɗaki da wurin aiki na tsawon wata ɗaya ko fiye, saɓanin Agbarha-Otor da yake tara jama'a da yawa lokaci guda, har da mutanen garin da sansanin yake cikinsa.