Ina Tisquantum Ya Koyi Turanci?

A makarantun firamare na Amurka, yawanci a aji biyar ne, lokacin da yara ke da shekara 10 zuwa 11, ake zama sosai a kan tarihin kafuwar ƙasar. Manhajar ta saba tasowa daga zuwan Kolombus a 1492, ta bi ta Jamestown a 1607 da Plymouth a 1620, ta ƙirga yankuna 13 da Ingila ta mallaka, ta sauka a shelar 'yanci ta 1776. Jerin shekarun ba shi da laifi. Laifin shi ne a tauna wa yara labari, a haɗiye musu, ba a bar musu abin tambaya ba. Ni a ganina akwai tambaya guda da ta fi rabin manhajar nan amfani, kuma yaro zai iya yinta da kansa in an ba shi sarari: da Turawan jirgin Mayflower suka zauna a Plymouth, yaya aka yi suka sami ɗan ƙasa yana jin Turanci?

Ga yadda aka daɗe ana ba da labarin. Watan Nuwamba na kamawa, lokacin Bikin Godiya, sai a yanka wa wasu yara hular kwali su zama Turawa, a soka wa wasu gashin tsuntsu a ka su zama 'yan ƙasa. A ce Turawa sun gudo ne don addininsu, yunwa ta kama su, sai wani bawan Allah mai suna Squanto ya fito daga daji ya koya musu shuka masara da takin kifi, amfanin gona ya yi kyau, aka ci talo-talo tare, kowa ya tashi da murna. Shi ke nan. Squanton nan kamar daga sama ya faɗo: ba uwa, ba uba, ba gari, sai Turanci a baki. Abin takaici ne a ce malami ya wuce wannan wuri bai tsaya ba, alhali a nan tarihin yake.

Sunan mutumin Tisquantum, ɗan garin Patuxet ne, na al'ummar Wampanoag. A 1614 wani matuƙin jirgin ruwa Bature, Thomas Hunt, ya yaudare shi tare da mutum sama da 20, ya ɗaure su, ya kai su Malaga a Sifaniya don ya sayar. Daga can Tisquantum ya samu ya isa Landan, ya zauna a gidan wani ɗan kasuwa, John Slany, ya bi jirgi zuwa Newfoundland, sai a 1619 ya taka ƙasarsu. Ya tarar da Patuxet kufai. Annobar da ta bi gaɓar tekun daga 1616 ta share garin. Da fasinjojin Mayflower su 102 suka iso a ƙarshen 1620, a kan wannan kufai suka kafa Plymouth, suka gaji gonakin da mamata suka share. Su ma kusan rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Yaron da ya bi sawun mutumin nan a kan taswira ya riga ya san cewa Turawa sun daɗe suna zirga-zirga a gaɓar kafin Mayflower, ya san cinikin bayi bai tsaya a kan Afirka kaɗai ba, ya kuma gane cewa ƙasar da ake cewa fili ce ba kowa, cuta ce ta mayar da ita haka. Wace hadda ce za ta ba shi wannan?

Sarkin Wampanoag, Massasoit, shi ma ba tausayi kaɗai ya sa ya ƙulla yarjejeniya da baƙin a watan Maris na 1621 ba. Annoba ta cinye masa mayaƙa, ta bar maƙwabtansa Narragansett da ƙarfinsu, ga kuma wasu sun zo da bindiga suna neman aboki. Siyasa ce tsagwaronta. Tisquantum kansa ba waliyyi ba ne: Turawan sun rubuta cewa yana tsorata 'yan'uwansa da cewa baƙin nan sun binne annoba a ƙasa, za su sake ta in sun so, har Massasoit ya nemi a miƙa masa shi a kashe. Ya rasu a 1622. Walimar da ake cewa an ci talo-talo kuwa, bayanin Edward Winslow, ɗaya daga cikin Turawan Plymouth, a kanta 'yan layuka ne: kwana uku aka yi, Massasoit ya zo da mutum kusan 90, suka kawo barewa biyar. Tsuntsaye ya ambata, bai ce talo-talo ba. Bikin bai zama abin da ƙasa ke yi duk shekara ba sai daga shelar Shugaba Abraham Lincoln a 1863.

Irin wannan ƙawata labari ba a Plymouth ya tsaya ba. Har yau akwai masu gaya wa yara wai mutanen zamanin Kolombus sun ɗauka duniya shimfiɗe take, shi kaɗai ya gane mulmulalliya ce. Haba! Masanin Girka Eratosthenes ya auna kewayenta tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Masanan da suka yi gardama da Kolombus a kan nisan tafiyar suka yi, kuma su ke da gaskiya. Littafin da marubuci Washington Irving ya rubuta a kansa a 1828 ya taimaka wajen yaɗa tatsuniyar. Kolombus ma bai taɓa taka babban yankin ƙasar da ake kira Amurka a yau ba, a tsibiran Bahamas ya fara sauka.

Za a ce sata da annoba sun yi wa ɗan shekara 10 nauyi. Nauyin gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kwatanta wa yara gawa. Amma yaron wannan shekaru ya san alkawari, ya san cin amana, ya san abin da ake nufi da a raba mutum da gida. Ya isa a gaya masa cewa zaman lafiyar ya kai shekara 50 da wani abu, sannan a 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da Metacom, ɗan Massasoit, aka kashe shi a 1676, aka sayar da ɗansa bawa. Za a kuma ce wannan zai rage wa yara kishin ƙasa. To, kishin da aka gina a kan hular kwali, ranar da yaro ya girma ya karanta gaskiya, da shi da malaminsa zai daina yarda. Kuma a cikin ajin akwai jikokin 'yan ƙasar, tun da Wampanoag suna nan a jihar Massachusetts, har wasunsu kan taru a Plymouth tun 1970 suna zaman makoki a ranar da sauran ke biki. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙarancin lokaci, domin manhaja doguwa ce, zango gajere. Duk da haka sunayen yankuna 13 ana iya haddace su a mako guda, a manta su a mako na biyu. Malamin da ke da darasi ɗaya tak a kan Plymouth, ya rataye taswirar Tekun Atilantika, ya sa yara su ja layi daga Patuxet zuwa Malaga, zuwa Landan, zuwa Newfoundland, su dawo gida, sannan ya tambaye su wa Tisquantum ya tarar.