Tsutsar da ake koyon ginin ƙwaƙwalwa a jikinta

Ɗalibin da ya samu gurbin bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje, aka ce masa shekara huɗu zai yi yana leƙen tsutsa ta madubin ƙara girma, ba mamaki ya ji an raina masa hankali, balle in ya tuna abin da zai faɗa wa iyayensa. A ganina gurbi ne da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tsutsar, wadda masana ke kira C. elegans, tsawonta kusan milimita ɗaya ne, kuma Sydney Brenner ne ya zaɓe ta a Kambirij ta Ingila cikin shekarun 1960, saboda yana neman dabbar da za a iya ƙirge jijiyoyinta kaf. An kuwa ƙirge su: ƙwayoyin jijiya 302 cikin ƙwayoyin jiki 959, alhali ƙwaƙwalwar mutum tana da kusan biliyan 86. Jikinta garai yake kamar gilashi, har John Sulston ya iya zama yana kallon ƙwaya tana rabuwa biyu, yana zanawa da hannu, ya bi asalin kowace ɗaya tun daga ƙwai, aikin da ya kammalu a 1983. A 1986 John White da abokan aikinsa suka fitar da taswirar yadda jijiyoyin ke haɗuwa da juna.

Mai ja zai ce ina ruwan ƙwaƙwalwar ɗan Adam da tsutsa? Tambayar tana da tushe, don tsutsa ba ta magana, ba ta lissafi, kuma wanda yake son fahimtar harshe ko taɓin hankali ba zai same su a jikinta ba. Sai dai tambayar farko ita ce yadda zaren jijiya ke gane hanyarsa a jikin da ake kan ginawa, kuma nan halitta ba ta sauya dabara sosai ba. Wasu tsutsotsi da aka ga suna tafiya a karkace su suka kai masana ga sinadarin UNC-6 mai yi wa zaren jagora. Daga baya aka sami ɗan'uwansa, netrin, yana wannan aikin a lakar dabbobi masu ƙashin baya. Haka kuma ƙwayoyi 131 da ke mutuwa bisa tsari yayin girman tsutsar suka buɗe ƙofar fahimtar yadda ƙwayar ciwon daji ke ƙin mutuwa, abin da ya kai Brenner da Sulston da Robert Horvitz ga kyautar Nobel a 2002. Wasu kyaututtukan Nobel kan aikin da aka yi da tsutsar sun biyo baya a 2006 da 2008 da 2024.

Ga ɗalibi kuwa, babbar ribar ita ce lokaci. Cikin kwana uku ƙwai yake zama tsutsa mai haihuwa, abincinta bakteriya ce a ɗan faranti, ana daskarar da ita a farfaɗo da ita bayan shekaru. Wanda gwajinsa ya lalace ran Litinin yana iya sake shi kafin mako ya zagayo, mai aiki da ɓera kuwa sai ya jira watanni. Akwai ma abin da ya shafe mu kai tsaye: tsutsotsin da ke jawo tundurmi da makantar bakin kogi dangin wannan ce, kuma a jijiyoyinta aka gano yadda maganin ivermectin, wanda ake rabawa a ƙauyukanmu da sunan Mectizan, yake shanye jikinsu.